Uwargida, Kada Dodon-Koɗi Ya Riga Ki Cin Alayyafonki

Duk wadda ta san yadda kuɗin cefane ke ƙarewa tun wata bai raba ba, ta san amfanin ɗan lambu a bayan ɗaki. To amma fa damina na sauka sai ɓarawon dare ya fito, wato dodon-koɗi, da mai katantanwa a baya da ɗan'uwansa tsirara. Ki kwanta latas da alayyafonki shar, ki tashi ki tarar da ganye duk huji, ga wani yauƙi yana ƙyalli a ƙasa.

Shi wannan halitta danshi ne ransa, rana kuwa kashe shi take, shi ya sa yake wuni a ɓoye. Saboda haka ki lallaɓa maigida ya gina miki fangali mai tudu a inda rana ke bugu, nesa da gindin randa da makwarari. Bulo za a sa, don katako gara ce za ta cinye shi. Jeri 2 ya isa, faɗin kada ya wuce ƙafa 4 yadda hannunki zai kai tsakiya ba sai kin taka ba. A zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, sannan ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen takin awaki. Ramukan bulon nan kuwa lallai a cike su, in ba haka ba wallahi ɗakin kwana kika gina masa kyauta.

Tudun kaɗai ba zai hana shi ba, ai gwanin hawa ne. Ki share kewayen tas, ba ciyawa ba tarkace, ki baza yashi. Ban ruwa da safe, kada ki yi da yamma.

Za ki ji ana cewa a zuba ɓawon ƙwai ko a zagaye da jan ƙarfe. A 2018 ƙungiyar masu lambu ta Ingila, RHS, ta gwada waɗannan dabaru a kan latas, ba ta ga sun rage ɓarna ba. Toka tana ɗan taimakawa, amma ruwa ɗaya ya wanke ta. Gishiri yana kashe shi, yana kuma kashe ƙasar. Ƙwayoyin guba masu metaldehyde kuwa, ni dai ban yarda a shigo da su gidan da yara ke rarrafe ba. Birtaniya ma ta hana amfani da su a lambu tun 2022.

Abin da ke aiki shi ne ki shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu kusa da fangalin da magariba. Da safe ki ɗaga, za ki same su jibge, ki kwashe ki watsa wa agwagi. Bayan isha'i ma a haska tocila a tsince na kan ganye, a wanke hannu da sabulu. Ganyen da za a ci ɗanye kuwa a wanke shi sosai, don yauƙin nan yana iya ɗauke da cuta.