Parakou da Djougou: Me ya sa injin jirgi ke daɗewa, na babur da janareta ke saurin bugawa?

Duk wanda ya saba bin hanyar Parakou zuwa Djougou, mai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, ya san ba a rasa babur ko motar kaya a gefen titi, mai ita na tsugune yana jiran bakanike. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: inji ya buga. Daga nan sai a ɗora laifin a kan kpayo, wato man fetur ɗin kwalba da ake shigowa da shi daga Nijeriya, ko kuma a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai akwai wani abu da 'yan kasuwarmu ba su cika kula da shi ba, wanda matuƙa ƙananan jirage suka mayar da shi farilla.

Ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu da makarantun koyon tuƙi suka fi amfani da shi a duniya. Injinsa ba wani abin al'ajabi ba ne: fistin huɗu gare shi, fetur yake sha, iska ce ke sanyaya shi, kamar dai babur ɗin zemijan da ke jiran fasinja a bakin kasuwar Arzeke. Bambancin yana wajen lissafi. Matuƙin jirgi ba ya ƙirga kilomita, awa yake ƙirgawa. Kamfanin Lycoming da ke ƙera injin ya ce a yi juyen baƙin mai duk bayan awa 50 ko wata huɗu, wanda ya riga zuwa, sannan a sauke injin gaba ɗaya a sabunta shi idan ya cika awa 2,000 ko shekara 12, ko da kuwa yana tashi lafiya lau. Kowace awa rubuta ta ake yi a littafi.

Abin ya kai har a kwamfuta ana koyar da shi. A shekarar 2013 kamfanin A2A Simulations ya fitar da kwaikwayon wannan jirgi, inda injin ke tsufa gwargwadon yadda aka riƙe shi. Wanda ya bar shi yana ta kaɗawa a ƙasa ba dalili, fulogi zai yi datti. Wanda ya matsa masa wuta tun bai ɗumama ba, zai ga sakamakon a garejin wasan. Can dai asarar ta ƙarya ce. A Zongon Djougou kuwa, jarin mutum ne.

Janareta, injin niƙa da injin ban-ruwa ba su da agogon kilomita, don haka yawancinmu sai mai ya yi baƙi ƙirin muke tunawa da juye. Alhali littafin ƙananan injinan Honda, waɗanda ake kwaikwayon ƙirarsu a janaretoci da yawa na kasuwa, cewa ya yi a yi juyen farko bayan awa 20, daga nan duk bayan awa 100. Mai shagon da ke kunna janareta awa 8 kullum ya cika awa 100 kafin mako biyu. Nawa ne a cikinmu ke juye sau biyu a wata? Shi ma ɗan kabu-kabu, tsayuwar da yake yi inji na kaɗawa ba ta shiga agogon kilomita, amma tana cin ringi da fistin.

Sai batun ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na lulluɓe arewacin Benin, ga jan ƙasar hanyoyin ƙauye. Ƙurar da ta wuce matatar iska tana cakuɗa da mai ta riƙa goge cikin inji kamar yashi. Wasu ma cire matatar suke yi wai don babur ya ƙara gudu, wanda a ganina babu gangancin da ya fi wannan tsada.

Game da kpayo kuma, tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a watan Mayun 2023 araharsa ta ragu, amma ba a daina saye ba, kuma ruwa da dattin da kan shiga jarka suna nan. Matuƙin jirgi kafin ya tashi sai ya tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki a ƙaramin kofi ya ɗaga shi a haske, domin ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwantawa. Mai saye a kwalba ya fi shi sauƙi ma, tunda kwalbar na hannunsa: ya duba gindinta kafin a zuba, ya kuma nemi a tace da ƙyalle mai tsabta.

Akwai kuma injin da aka ajiye. Masu jirage sun san wanda ya yi watanni ba ya tashi tsatsa ke cin cikinsa, shi ya sa aka haɗa lissafin awa da na wata. Haka injin ban-ruwan da aka jingine tun farkon damina yake, da tsohon mai a ciki da ragowar fetur a kafireta. Kafin a tayar da shi a rani, a zubar da su a sa sabo, a rubuta ranar a bangon shago ko a littafin bashi.