Ma'aikacin da ke Mayar da Mai Amosani Bakin Aikinsa

Amosanin gaɓɓai kan raba mutum da sana'arsa tun kafin ya kwantar da shi. Matar da ta saba tuƙa tuwo a Ringim sai ta wayi gari yatsunta sun ƙage, muciya ta gagare ta. Mai ɗinkin hula kuma ya kasa zura zare a allura. Likita zai rubuta magani, mai gashin ƙashi ya motsa gaɓa, amma akwai ma'aikaci na uku wanda aikinsa shi ne koya wa majinyaci yadda zai ci gaba da hidimarsa ta yau da kullum. To, me ya kamata wannan ma'aikaci ya sani kafin a damƙa masa hannun mutum?

Da farko dai, sai ya iya bambance cututtukan da muke haɗawa mu kira su sanyi. Akwai wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓɓai. Shi yakan kama ƙananan gaɓɓan hannun dama da hagu lokaci guda, ya sandarar da su da safe, kuma ya fi kama mata. Akwai na zaizayewar guringuntsi, mai addabar gwiwar dattawa. Akwai kuma lalacewar ƙugu da sikila ke jawowa. Kowanne da irin kulawarsa, domin gaɓar da ta kumbura tana zafi hutu take so, ba matsa ba.

Na biyu, ya iya awo. Zai duba ƙarfin damƙa da iyakar lanƙwasar kowace yatsa, sannan ya tambaya: "Baba, kina iya ɗaga buta ki yi alwala? Kina iya tsugunno?" Amsar ita ce za ta nuna masa inda zai fara.

Na uku, aikin hannu. Akan tsoma wata irin roba a ruwan zafi har ta yi laushi, a ɗora ta a wuyan hannu ta bi siffarsa, ta huce ta zama abin tallafe gaɓa. Idan ta matse sai ta ji wa fata ciwo, idan ta yi sako-sako ba ta da amfani. Haka kuma zai naɗa ƙyalle a mariƙin muciya ya yi kauri, don kada yatsu su dunƙule da ƙarfi. Zai koya wa uwar gida ɗaukar tukunya da tafukan hannu biyu, da yin wanki a zaune, da raba aiki tana hutawa.

Wannan ilimi ba a tsintar sa a hanya. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, wadda aka kafa a 1952, ta shar'anta wa ɗalibi aƙalla awa 1,000 yana aiki da majinyata ƙarƙashin kulawar ƙwararre. A Najeriya, doka mai lamba 38 ta 1988 ta kafa hukumar MRTB, mai yin rajista da ba da lasisi. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana ba da digiri a fannin, akwai kuma makarantar tarayya a Oshodi, Legas.

Sai dai wanda ya yi karatu a can yana buƙatar ƙarin darasi idan ya zo nan Jigawa: ya ji Hausa, ya san yadda ake daka da surfe, ya san kunyar da ke hana mace faɗin abin da ke damunta. Shi ya sa ya dace gwamnatin Jigawa ta ɗauki nauyin 'ya'yanmu su karanto fannin, a buɗe musu gurabe a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da Babban Asibitin Ringim. Majinyaci kuwa yana da haƙƙin ya nemi ganin lasisi kafin ya miƙa hannunsa.