Me Ya Sa Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Wanda Ya Makara?

A tashar jiragen ruwa ta Miyami da ke Amurka, manyan jiragen yawon shaƙatawa sukan iso da asuba, su sauke dubban fasinjoji, a tsabtace ɗakuna, a loda abinci, sannan sababbin matafiya su fara shiga da hantsi. Galibi jirgi yakan tashi tsakanin ƙarfe 4 da 5 na yamma. To amma wanda ya iso saura rabin sa'a zai tarar an rufe ƙofa, domin kamfanoni da dama sukan daina karɓar fasinja tun saura minti 90. Ga tikiti a hannu, ga jirgi bai motsa ba, amma tafiya ta faskara. Shin me ake yi a wannan tazara?

Abu na farko shi ne ƙidaya. Dokar Amurka ta wajabta miƙa wa hukumar kwastan sunayen duk waɗanda ke cikin jirgi aƙalla minti 60 kafin tashi.

Na biyu shi ne atisayen ceton rai, wanda aka tsananta dokarsa bayan wani mummunan haɗari. Ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bar tashar Cibitabekiya a Italiya, ya ci karo da dutse kusa da tsibirin Jiliyo, mutane 32 suka rasu. Ɗaruruwan fasinjojin da suka shiga a ranar ba a koya musu inda za su taru ba, saboda dokar lokacin ta ba da sararin sa'a 24. Daga Janairun 2015 dokar ƙasa da ƙasa ta wajabta yin atisayen kafin tashi ko da zarar an tashi, domin kowa ya san matattararsa da yadda ake sa rigar ceto.

Akwai kuma batun lafiya, wanda ke fayyace lokacin buɗe ƙofa tun da farko. Jirgi gari ne rufaffe, inda dubban mutane ke cin abinci wuri guda, suna dafa ƙarfen matakala guda. Ƙwayar norobairos, mai haddasa amai da gudawa, tana jin daɗin irin wannan wuri: ƙwayoyin da ba su kai 100 ba sun isa su kwantar da mutum, tana kwanaki a kan tebur ko mariƙin ƙofa, kuma man goge hannu mai sinadarin alkohol bai cika kashe ta ba. Maganinta wanke hannu da sabulu da goge wurare da sinadarin kulorin. Saboda haka idan cutar ta ɓulla a tafiyar da ta gabata, akan jinkirta shigar sababbin fasinjoji har a gama tsabtacewa.

To me zai hana a ƙara sa'a guda don wanda ya makara? Amsar tana cikin lissafi. Ƙarfin da inji ke buƙata yana ƙaruwa ne kusan daidai da gudun jirgi a ninka shi da kansa sau uku. Ɗalibi ya gwada: 1.1 sau 1.1 sau 1.1 ya ba da 1.331. Wato ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100, don cike gurbin lokacin da aka ɓata, yana neman ƙarin ƙarfi kusan kashi 33. Ga kuma jagoran mashigi, ƙwararren matuƙin da ke fitar da jirgi daga tasha, wanda wasu jiragen ke jira a layi.

Wannan ne ya sa gogaggun matafiya sukan isa birnin tashar kwana guda kafin ranar tafiya. Da ma Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara.