Kafin a yanka dashbod: Yadda ake sa wa tsohuwar Fijo rediyon zamani ba tare da an lalata ta ba

Duk wanda ke bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, zai riƙa cin karo da tsofaffin motocin da suka ƙi mutuwa. Akwai Fijo 504 da 505, akwai a-kori-kura mai dakon shinkafa da masara, akwai kuma tsohuwar Marsandi da aka gada daga uba ko kaka. Da yawansu yanzu suna hannun matasa ne, kuma abin da matashi ke fara nema a mota shi ne inda zai haɗa wayarsa: Bluetooth, wurin caji, da allon da zai nuna taswira.

A nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Sai a sayo rediyon Android mai faffaɗan allo, a ga bai shiga gurbin tsohon ba, mai rewaya ya ɗauko zarto ya faɗaɗa ramin. Ledar dashbod da ta riga ta bushe sai ta dare tun daga bakin ramin har zuwa gilashi. Rediyon da aka yi wannan aiki dominsa zai tsufa cikin 'yan shekaru kamar kowace waya, amma dashbod ɗin da aka yanka ya yanku ke nan.

Motar da aka daina ƙerawa

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 ne a Faransa a 1968, kuma a 1969 ta lashe kyautar motar shekara ta Turai. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, aka ci gaba da fitar da 504 a Najeriya shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Turai. Ita kuwa 505 ta fito a 1979. Ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa da direbobin haya duk sun hau su.

Yau babu masana'antar da ke ƙera su. Injin da giya ana samun kayansu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, amma lafiyayyen dashbod abu ne mai wuyar samu, domin wanda za a ciro daga wata motar shi ma rana ɗaya ce ta gasa su. Mai sayen tsohuwar mota don sha'awa kuma cikinta yake fara leƙawa. Idan ya ga an fafe gabanta an toshe da gam, farashi ya faɗi.

Me ke sa ledar ta tsage?

Dashbod na irin waɗannan motoci yawanci hawa uku ne: ƙashi na ƙarfe ko roba mai tauri, sai soso a kansa, sai leda a sama. Ledar ta PVC ce, wadda asalinta abu ne mai tauri irin na bututun ruwa. Wani sinadari mai maiƙo ake haɗa mata don ta yi laushi. Zafi yana sa wannan sinadari ya riƙa fita a hankali, hasken rana kuma yana cin jikin ledar. Bayan shekaru sai ta ƙanƙance, ta yi ƙamas, sosan da ke ƙasa ya koma gari.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka a 2018 ya gano cewa motar da aka ajiye awa ɗaya a rana, a ranakun da zafi ya haura digiri 38, dashbod ɗinta kan kai kusan digiri 69 a ma'aunin Salshiyos. A Kano kuwa zafin watan Afrilu kan kai digiri 40. Ga kuma hunturu da ke busar da komai, ga ƙurar da ke shiga cikin tsaga tana ƙara buɗe ta. Motar da ta wuni a filin kasuwar Tudun Wadar Ɗankadai ko a bakin madatsar ruwa ta Tiga ba inuwa, dashbod ɗinta ne ke shan azabar.

Shi ya sa lokacin canza rediyo ya fi kowane lokaci haɗari. Danna sukundireba sau ɗaya a gefen busasshiyar leda ya isa ya tsaga ta. Amma kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa a sabunta ledar, tun da dai za a kwance wurin.

A auna rami kafin a je kasuwa

Rediyon mota yana da ma'auni na duniya da ake kira DIN, wanda ya samo asali daga Jamus, aka mayar da shi ƙa'idar ISO 7736 a 1984. Mai hawa ɗaya faɗinsa santimita 18 ne, tsayinsa 5. Mai hawa biyu, irin na yawancin rediyon Android masu allon inci 7, faɗinsa 18, tsayinsa 10. Wasu tsofaffin rediyo kuma ba su bi ko ɗaya ba: ƙananan ramuka biyu ne na maɓallan murɗawa da ɗan gurbi a tsakiya.

Don haka kafin a nufi Sabon Gari ko Farm Centre, a ɗauki tef a auna faɗi, tsayi da zurfin ramin, a kuma ɗauki hotonsa a waya. Akwai hanyoyi huɗu da ba sa buƙatar zarto.

Ta farko ita ce rediyo mai hawa ɗaya da ke da Bluetooth da USB da gurbin memori. Ta biyu ita ce rediyon Android wanda jikinsa hawa ɗaya ne, allon kuma yana tsaye a waje, amma a tabbatar bai rufe ƙofofin iska ko ya tokare giya ba. Ta uku, a bar tsohon rediyon a wurinsa don ado, a ɓoye ƙaramar amfilifaya mai Bluetooth a ƙarƙashin kujera ko cikin aljihun dashbod, waya ta zama ita ce allon. Ta huɗu, wadda ta fi araha, ita ce 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna taba, ta karɓi sauti daga waya ta tura wa rediyo ta zangon FM.

Kamfanoni irin su Blaupunkt da RetroSound ma suna ƙera rediyo mai fuskar da, amma cikinsa na zamani ne, sai dai da tsada kuma sai an yi oda.

Akwai abu biyu da masu saye ke mantawa. Rediyon da aka ciro daga motar da aka ƙera don kasuwar Japan zangonsa na FM daga 76 zuwa 90 yake, don haka ba zai kama tasha irin Freedom Radio da ke kan 99.5 ba. Sannan yawancin rediyon Android ba su da gajeren zango. Direban da ke shiga Falgore zuwa Riruwai, inda sabis ɗin waya ke yankewa a wasu wurare, gara ya sauke taswira da abin saurarensa tun yana gari.

Waya kafin leda

Tsarin aikin shi ne sirrinsa: a gama wayarin, a gwada rediyo, sannan a taɓa leda. Wanda ya manna sabuwar leda sannan ya gano rediyo bai zauna ba, zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Da farko a cire kan batir na nagetif. Kafin a zare kowace waya, a ɗauki hotonta, a liƙa mata ɗan salatif a rubuta sunanta. A yawancin rediyon kasuwa, wayar ruwan ɗorawa ita ce mai wuta kullum daga batir, ja ita ce wadda ke samun wuta idan an murɗa makulli, baƙa kuma ta bodi ce. Wasu masu gaggawa kan haɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya, rediyo ya kwana yana shan batir, da safe a nemi masu turi.

Wayar da aka ja daga batir dole ta samu fis kusa da batir ɗin. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne: zafi zai narkar da gam ɗin, jijjigar hanya ta kwance shi, kuma a bayan dashbod soso ne da leda, masu saurin kama wuta. A yi soda ko a matse da kan waya.

Sai batun sifika. A wasu tsofaffin motoci waya ɗaya ake kai wa sifika, ɗayar a haɗa da bodi. Rediyon zamani ba ya jure wannan. Kowace sifika sai da wayoyinta biyu, in ba haka ba amfilifayar cikinsa ta ƙone.

Yadda mai kushin ke sabunta ledar

Aikin da zai daɗe sai an fito da dashbod ɗin waje. Manna leda yana cikin mota kan bar gefuna a sake, nan da 'yan makonni su fara ɗagowa.

Bayan an fito da shi, a wanke shi sosai da sifirit, domin man goge dashbod mai sheƙi yana barin santsin da ke hana gam kamawa. Bakin kowace tsaga yakan ɗago sama, sai a yanke shi da reza, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen soso, a cike gurbin da fila mai ɗan laushi, a goge da sanfefa har ya yi daidai. Duk ƙullutun da aka bari zai fito a jikin sabuwar ledar. Idan an taɓa faɗaɗa ramin rediyo a baya, yanzu ne za a mayar da shi ma'auninsa da farantin roba ko faiba. Daga nan wasu kan shimfiɗa siririn soso kafin leda.

Zaɓen ledar ma magana ce. Ta kujerun falo ba a yi ta don rana ba. A nemi mai talewa ta kowane ɓangare, wadda aka yi don mota ko jirgin ruwa. Kada a ɗauki fara ko mai ƙyalli, domin hotonta zai riƙa fitowa a gilashin gaba ya kashe wa direba ido da tsakar rana. Baƙa mara sheƙi ita ce daidai.

Gam kuwa sai mai jure zafi. Ana shafa shi a fuska biyu, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a fara mannawa daga tsakiya zuwa gefe. Ana ɗumama ledar da na'urar hura zafi don ta bi lanƙwasa, amma in aka matsa mata za ta yi sheƙi ko ta ɓule. Ramin rediyo da na ƙofofin iska su ne na ƙarshe: a tsaga daga tsakiya zuwa kusurwa, a naɗe bakin ta baya. Tururin gam yana kama wuta, saboda haka a yi aikin inda iska ke shiga, nesa da janareto da murhu, kuma ba a fili ba idan hunturu na kaɗa ƙura.

Gargaɗi ga masu motocin da suka biyo baya: idan motar tana da jakar iska a gefen fasinja, ba a rufe murfinta da leda ko fila. Ranar haɗari tana iya ƙin buɗewa yadda ya kamata.

Bayan an gama

Sabuwar leda ma rana ɗaya ce za ta ci ta. Inuwar darbejiya, marufin gilashi mai ƙyalli, ko ɗan kafet da aka yanka daidai dashbod suna ƙara mata shekaru. Tsumma mai ɗan danshi ya wadatar wajen gogewa. Mariƙin waya mai gam kuma kan taso da leda idan an zo cire shi, gara wanda ake maƙalawa a gilashi. Ita kanta wayar kada a bar ta a kan dashbod, domin zafin da ya tsaga leda zai kumbura batirinta.

Tsohon rediyon da aka cire, da maɓallansa da farantin fuskarsa, a naɗe su a ajiye a gida. Duk ranar da aka tashi sayar da motar, ko aka so mayar da ita yadda ta fito daga Kakuri, su za a fara tambaya.