Sifili Ko Ɗaya? Abubuwan Mamaki Game Da Gurbin Farko

Kowane yaro daga ɗaya ake koya masa ƙirga. Amma mai rubuta manhaja da harshen C, in ya tanadi jeri mai suna a, mai gurbi goma, kuma yana son abin da ke gurbin farko, a[0] zai rubuta. Na ƙarshe kuwa a[9] ne.

Dalili shi ne, lambar nan nisa take aunawa: gurbi nawa za a tsallake daga bakin jeri? Na bakin ai babu abin tsallakewa kafin a kai gare shi. Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiro C a Bell Labs na Amurka wajen 1972, ya gaji tsarin daga harsunan B da BCPL. Java da Python da JavaScript duk suka bi sahu.

Abin da ya fi ba ni mamaki: a C, ko ka juya ka rubuta 0[a], amsa ɗaya za ka samu. Kwamfuta tana tara adireshin jeri ne da lambar gurbi, tarawa kuwa ba ruwanta da wanda ya riga zuwa.

Ba kowa ya yarda da sifili ba. Fortran, wanda IBM ya fitar a 1957, daga 1 yake farawa. Haka Lua da MATLAB da R. Pascal ya bar maka zaɓi, ko daga 1990 kake so ka fara. Gardamar ta yi zafi har masani Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya rubuta takarda a 1982 yana kare sifili, kuma a ganina hujjarsa ta fi ƙarfi.

Inda haɗari yake shi ne, C ba ya tsare iyakar jeri. Ka nemi a[10] a jerin goma, ba zai hana ka ba, sai dai ka taɓa ajiyar da ba taka ba. Irin wannan ketare iyaka na cikin ƙofofin da muguwar manhajar nan da ake kira tsutsar Morris ta bi ta addabi intanet a 1988.

A C++ ma ana iya tanadar jeri marar gurbi ko ɗaya, kuma neman na farkonsa babu tabbacin abin da zai biyo baya. Rust ya tanadi hanyar da za ta amsa maka da “babu”. Mai koyo, kafin ka miƙa hannu ga gurbin farko, tabbatar daga wace lamba harshenka yake farawa, kuma jerin ba fanko ba ne.