Wasanni a Jami'ar Ahmadu Bello: Filaye, Ƙungiyoyi da Tasirinsu a Zariya

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962, tana cikin jami'o'in da suka aza harsashin wasannin ɗalibai a Nijeriya. Manyan harabobinta biyu ne: babbar tana Samaru, ɗayar kuma tana Kongo, daura da Tudun Wada, inda ake karatun shari'a da harkokin mulki. Mafi yawan filayen wasanninta suna Samaru. Akwai filin ƙwallon ƙafa da hanyar tsere, da zauren wasanni mai rufi, da dandamalin ƙwallon kwando da na raga da na tanis. Kongo ma tana da nata filayen atisaye, waɗanda sukan cika bayan sallar la'asar, har a lokacin hunturu da ƙura kan turnuƙe.

Tsarin wasannin hawa-hawa ne. Ana farawa da gasa tsakanin sassan karatu da tsangayoyi da gidajen kwanan ɗalibai, irin su Sulaiman da Ɗanfodiyo da Amina. A nan masu horarwa kan zura ido, su tsamo waɗanda suka yi fice, su haɗa tawagar jami'a. Sashen koyar da motsa jiki da kiwon lafiya, a ƙarƙashin Tsangayar Ilimi, shi ke yaye malaman wasanni da ake turawa makarantu.

Babban fagen da tawagar ke gwada ƙwanjinta shi ne gasar jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966. Jami'o'i 5 ne a ƙasar a wancan lokaci: Ibadan da Nsukka da Legas da Ife da Zariya, kuma ta Zariya ce kaɗai daga Arewa. Ta karɓi baƙuncin gasar fiye da sau ɗaya, ciki har da ta 2001. Karɓar baƙunci yana da amfani ga jami'a, domin a lokacin ne akan gyara tsofaffin filaye, a gina sababbi. A gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu kuwa, wadda aka soma a 2018, ƙungiyar jami'ar tana bugawa da sunan ABU Nobles.

Sai dai wasan da ya fi ɗaga sunan Zariya shi ne ƙwallon kwando. Wani koci Ba'amurke, Oliver B. Johnson, ya shafe shekaru da dama yana horar da matasa a dandamalin jami'ar, kuma bai tsaya ga ɗalibai kaɗai ba. Yaran gari ma sukan zo, su koyi buga ƙwallo a ƙasa da jefa ta a kwando. Cikinsu akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 amma ya tashi a Zariya. Ya fara da ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando. Daga baya ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta Kanada, wadda ta lashe kofin NBA a 2019. Tun 2003 yake gudanar da shirin Giants of Africa, mai horar da yara a ƙasashen Afirka.

Ta fuskar kuɗi kuwa, a Amurka jami'a kan samu kuɗi mai yawa daga tikiti da talabijin, har ta ɗauki nauyin karatun ɗan wasa. A Nijeriya wasannin jami'a sun dogara ne da kasafin makaranta da kuɗin da ɗalibai ke biya. Yajin aikin malamai ma yakan jawo ɗage gasa, har ɗalibi ya gama karatu bai taɓa zuwa NUGA ba.

Tarihin Zariya ya nuna cewa fili mai kyau da koci mai haƙuri sun isa su fitar da gwani. Don haka kula da waɗannan filaye, da barin ƙofarsu a buɗe ga yaran Samaru da Tudun Wada, nauyi ne a kan hukumar jami'a da tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni.