Shingen Bishiyoyi a Bayan Gida: Saurin Girma Ba Shi Ne Ma'auni Ba

A unguwannin Birtaniya da Amurka, inda ba a cika kewaye gida da doguwar katanga ba, masu gidaje kan dasa jerin bishiyoyi a bayan gida domin suturta iyali daga idon maƙwabta. Irin da ake nema shi ne wanda ba ya kaɗe ganye ko da hunturu, kuma yake miƙewa sama siriri ba tare da ya cinye fili ba. Sai dai akasarin masu saye saurin girma kawai suke dubawa, kuma nan ne rigima ke farawa.

Bishiyar Leylandii ita ce babban misali. Ta samu ne a 1888 a gandun Leighton Hall da ke Wales, sa'ad da wasu bishiyoyi iri biyu daga yammacin Arewacin Amurka suka yi barbara, alhali a dazuzzukansu na asali akwai ɗaruruwan kilomita tsakaninsu. Takan ƙara kusan mita ɗaya a shekara, abin da ya sa jama'a suka yi rububinta. Amma ba ta tsayawa inda mai gida yake so. Idan aka ƙyale ta, tana iya zarce mita 20, ta tare wa maƙwabci rana, saiwoyinta kuma su shanye damshin lambunsa. Wani abin takaici shi ne, in aka datse ta har zuwa tsohon itace, ba ta sake tofo daga nan, sai shingen ya zauna da ƙwarangwal ɗin rassa. Husuma tsakanin maƙwabta ta yi yawa har aka yi doka a 2003, wadda ta fara aiki a Ingila a 2005, ta bai wa ƙananan hukumomi ikon umurtar a rage irin wannan shinge idan ya wuce mita 2 kuma yana cutar da maƙwabci.

Don haka masana ilmin tsirrai kan ba da shawarar a fara tambayar tsawo da faɗin bishiya idan ta gama girma. Nau'in Thuja da ake kira Smaragd, wanda aka samar a Denmark, yana da jinkiri, amma yakan tsaya wajen mita 4, faɗinsa kuwa kimanin mita ɗaya. Ba ya bukatar yawan aski.

Waɗannan duka bishiyoyin ƙasashen sanyi ne. A wurare masu zafi, wadda ke yin wannan aiki ita ce Polyalthia longifolia, 'yar asalin Indiya da Siri Lanka, mai rassa masu rinjaya ƙasa, wadda ake gani jere a harabar gidaje da makarantu a Nijeriya. Ita ma takan zarce mita 10, saboda haka sai an dubi wayoyin lantarki kafin a haƙa ramin dashe.